Kaji Casa'in da Shida a Cikin Firiza

Ina tsakar gida ina tankaɗe garin tuwo Dalhatu ya shigo ya sanar da ni cewa ya sallami kajin unguwarmu, Sabo, daga aikin kwanci. Dalhatu ɗan ƙanena ne, Alhaji Ya'u dillalin shanu. A nan Ibadan aka haife shi, yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci da buroka, kuma a duk cikinsu babu yaren da yake iya yin shiru da shi. Ya taɓa zama na ɗan lokaci a shagon wani mai gyaran fanka a Mokola, ya dawo da wata 'yar mita rawaya mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da kuma sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa.

Ya tsaya gaban akurkina, mitar tana lilo a wuyansa, ya harɗe hannuwa.

"Gwaggo Ashatu, kin san kajin nan ɓata lokaci suke yi?"

"Sun dai fi wani aiki," na ce.

"Kaza ta zauna makonni a kan ƙwai goma, ba ta ci, ba ta sha, ba ta san lissafi ba. Ɗumi kawai take bayarwa. Shi kuwa ɗumi, Gwaggo, wuta ce. Wuta kuwa ni ne ubanta. Zan haɗa akwatin da zai ƙyanƙyashe ƙwan unguwar nan gaba ɗaya a zama ɗaya."

Alhaji Ya'u yana bakin rijiya yana alwala, ya ji komai. Ya daɗe yana neman Dalhatu ya bi shi kara, kasuwar shanu ta Akinyele, ya koyi sana'ar gidansu, Dalhatu yana zamewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron nan, da gemunsa da komai, ko maraƙi ya yi atishawa kusa da shi sai ka gan shi a kan katanga.

Alhaji ya ajiye buta ya ce, "To, Injiniya, ga Yaya shaida. In akwatin nan naka ya fitar da tsako ko ɗaya ne, mai rai mai tafiya da ƙafarsa, na ƙyale ka da wayoyinka har abada. In bai fitar ba, Akinyele. Ka riƙe igiyar bijimi kamar yadda na riƙe."

Dalhatu ya yi dariya. "Baba, ka fara neman wanda zai gaje ka. Ni na riga na wuce wajen."

Abu na farko, in ji shi, sai ya san wat nawa ce kaza. Wat, wai shi ne mudun da ake auna ƙarfin aikin wuta da shi. Ya durƙusa gaban Jar Wuya, tsohuwar kazata da ke kwanci a lokacin, ya ɗaga fiffikenta ya cusa jar waya, ya nemi inda zai sa baƙar. Jar Wuya ta dube shi da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗayan, sannan ta sauke masa baki a tsakiyar goshi.

Radiyya ƙanwarsa, wadda take ɗinki a zauren gidan, ta leƙo.

"Yaya Injiniya, nawa ta nuna?"

"Ba ta zauna daidai ba ne."

"A goshinka dai ta rubuta amsa, ga ta nan tana jini."

Bai haƙura ba. Ya naɗe hannu da tsumma ya tura ƙarƙashin kazar, ɗaya hannun ya dafa wani ƙaramin gulob mai wat goma, ya rufe ido kamar mai istihara. Can ya buɗe ya ce ɗuminsu ɗaya. Daga ranar kaza ta zama wat goma a Sabo, kuma ba a nemi ra'ayin kazar ba.

Da yamma ya kai maganar teburin Manniru mai shayi, a ƙofar gidanmu, inda nake zama da tiren gyaɗata. Ya ture kofuna, ya tsoma yatsa a ruwan wanki yana zane a kan tebur.

"Ku saurara, ba kullum ake samun wannan kyauta ba. Wuta tana da abu uku. Akwai bolt, shi ne ƙarfin da ke turo ta. Akwai amfiya, ita ce yawan wutar da ke kwarara. Akwai turjiya, wato yadda waya ke tare mata hanya, ana auna ta da om. Bolt sau amfiya, ka sami wat. Bolt raba amfiya, ka sami turjiya. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe duniya."

"Kai da ka riƙe ta, ka ɗan sassauta mata," in ji Manniru. "Ka ɗage gwiwar hannunka daga kan burodi."

Dalhatu ya zare wayar rediyon Manniru daga soket, ya cusa wayoyin mitarsa, ya juyo da fuskarta ga jama'a. Ta nuna ɗari da ashirin.

A nan sai na tsaya na gaya muku wace irin wuta muke da ita a layinmu. Taransifomarmu ta tsufa tun ina da haƙoran gaba. Abin da take ba mu shi ne lo-karan. Gulob yakan yi ja kamar haƙorin mai cin goro, sai ka kunna tocila ka duba ko yana ci. Fanka kuwa tana juyawa a hankali har ƙudaje na hawa su huta. Akwai magidanta a layin nan da ba su taɓa ganin fanka ta ɗaga labule ba. A cikin wannan wutar Dalhatu ya buɗe ido, a cikinta ya girma. Ya auna soket ɗinmu, ya auna na masallaci, ya auna na mai aski, ko'ina ɗari da ashirin, sai ya ɗauka haka Allah ya halicci lantarki.

"Ina son ɗumin kaji ashirin da huɗu," ya ci gaba. "Kowace wat goma, ya zama wat ɗari biyu da arba'in. Raba da bolt ɗari da ashirin, amfiya biyu ke nan. Bolt ɗari da ashirin raba amfiya biyu, om sittin. Ku ba ni waya mai turjiyar om sittin, in ba ku 'yan tsaki har ku rasa wurin taka ƙafa."

Wani tsoho mai sayar da goro ya ce, "To su kajin, me za su riƙa yi?"

"Su huta, Baba. Su yi kiba. Ai taimakonsu nake yi."

Washegari aka wayi gari dutsen gugar Radiyya ya koma ƙwarya, babu komai a cikinsa. Hitar da Manniru ke ajiye da ita don ranar da gas ya ƙare ita ma an yi mata fiɗa. Dalhatu ya zare siraran wayoyin da ke cikinsu. Ya kuma sa 'yan dako suka jawo wata matacciyar firiza daga bayan wani gidan abinci a Mokola, doguwa kamar makara, har da warin kifin bara a cikinta. Ya huda mata ramukan shan iska da ƙusa, ya girke ta a tsakar gida.

Radiyya ta tsaya kansa da ƙwaryar dutsen gugarta a hannu.

"Kayan biki ne a gabana, da me zan goge su?"

"In 'yan tsaki suka fito zan saya miki mai tururi."

"In suka fito. Kafin nan in sa kayan ƙarƙashin Jar Wuya, abi? Tunda wat goma ce."

Ya yanko guntun waya ya ɗora mita a kai, ta nuna shida. Radiyya ta ce ai sittin ta ji yana faɗa wa duniya. Ya ce tsakanin shida da sittin sifiri ce kawai, ita kuwa sifiri kowa ya san ba komai ba ce. Ya cusa kansa cikin firiza don ya ga ɗumi da idonsa, ya ce wa Radiyya ta kunna. Ta kunna da murnarta.

Wani haske ya tashi wanda layinmu bai taɓa ganin irinsa ba. Aka ji fat, wutar gidan ta ɗauke, ta maƙwabta ta bi ta, lasifikar masallaci ta yanke ladan a tsakiyar kiran la'asar. Dalhatu ya ɗago kai. Girarsa biyu babu ko ɗaya, goshinsa ya haɗe da idonsa sumul kamar ƙwai.

"Lissafi bai yi ƙarya ba," ya ce, hayaƙi na fita daga hularsa. "Ɗari da ashirin raba shida, amfiya ashirin. Wat dubu biyu da ɗari huɗu. Kaji ɗari biyu da arba'in ne suka zauna mini a fuska."

"Ashe sifiri tana cin gira," in ji Radiyya.

Abin da ya lalata Dalhatu gaba ɗaya shi ne, a karo na biyu abin ya yi. Ya jona wayoyi, ya ƙara tsawo, ya naɗe su a jikin fasassun kwalabe, har mita ta nuna sittin cif. Aka kunna. Babu fat, babu hayaƙi. Na sa hannuna da kaina, na ji ɗumi mai laushi kamar hammatar kaza. Gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Daga ranar ya daina amsa sallama in ba a haɗa da Injiniya ba. Ya ɗinka farar riga mai aljihu huɗu. Ya sa Radiyya ta zana masa gira da tozali, ita kuwa ta zana ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya riƙa yawo a Sabo da fuskar mai shakkar duk abin da aka gaya masa.

Sai neman ƙwai. Ya bi gida-gida yana yi wa mata alkawarin kowane ƙwai zai dawo da ƙafa biyu. Masu kaji suka ba da, masu zabi suka ba da, wata ta kawo na agwagwa, wani mai kiwon tattabaru ya kawo biyu a cikin hula. Ni na ba shi uku, waɗanda dama nake shakkar su. Da ya ga firiza ba ta cika ba, sai ya tare Iya Sakinat, Bayarabiyar da ke kawo wa Manniru kiret-kiret na ƙwan gona daga Mokola. Ta shekara da shekaru tana ciniki a Sabo, Hausarta ta nuna.

"Injiniya, wannan ƙwai na soyawa ne," ta ce. "Kajin gona ba su da miji. Tunda aka haife su ba su ga zakara ba."

"Iya, a lissafina akwai bolt, akwai amfiya, akwai om. Kin ji zakara a ciki?"

"Ban ji ba."

"To."

Ta dube ni, na dubi sama. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Oya, ɗauka. In sun fito ka gaya musu ni ce kakarsu."

Ana cikin haka labari ya zo cewa bayan shekaru ana kai kuka, masu wuta za su kafa mana sabuwar taransifoma, mai unguwa kuma zai yi taro a ranar da za a kunna ta. Dalhatu ya ji an ce za a kafa rumfa, a jera kujeru, a kawo lasifika, nan take ya ce ai ranar ce ranar ƙaddamar da firizarsa. Taro dai taro ne, kuma a ganinsa mutane ba za su iya bambance wanda suka zo dominsa ba.

Manniru ya ce, "Injiniya, ita sabuwar, irin wutar da ka auna za ta kawo?"

"Wuta wuta ce, Manniru. In ka canza rijiya, ruwa ya daina zama ruwa? Ɗari da ashirin ɗin nan dai za ta kawo, sai dai mai tsabta, sabuwa dal."

Da safen ranar aka fito da firiza ƙofar gida, aka yafa mata atamfa. Dalhatu ya jera ƙwai a ciki a kan buhunan algarara, manya a ƙasa, na tattabara a sama. Ya ce soket wasan yara ne, kowa na iya zarewa ya sa cajin waya, don haka ya hau tsani tun kafin a kawo wuta, ya ɗaure wayar firiza kai tsaye a jikin babbar wayar da ta shigo gidan. Fiyus ma ya ce ba ya so, wai fiyus na masu shakkar lissafinsu ne. Ya rufe murfi, ya ɗana wani ƙaton kwaɗo irin na shagon gwal.

Sannan ya karɓi lasifika daga hannun mai gabatarwa, ba tare da an ba shi ba.

"Jama'ar Sabo, don kada wani ya ce na buɗe da dare na sa 'yan tsakin kasuwa, ga makulli." Ya ɗaga shi sama. Ya kira wani direban tirela da ke shirin tashi daga Ojoo zuwa Arewa da lodin goro, ya danƙa masa. "Malam Sharfuddeen, tafi da shi. Ranar da ka dawo, ranar za a buɗe. Ka taho da gero, za a buƙata."

Direba ya jefa makulli a aljihu, ya hau acaɓa ya tafi. Aka yi tafi. Alhaji Ya'u yana sahun gaba, yana jan carbi, bai tafa ba.

Da hantsi masu wuta suka kunna taransifoma, suka sha lemo, suka ɗauki tsaninsu suka tafi. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Gulob ɗin shagon mai aski ya yi fari har mai askin ya ga fuskar mutumin da ya shekara goma yana yi wa aski, ya ce ashe kai ne. Fankar masallaci ta tashi da gudu ta kwashe hulunan dattawan da ke hutawa a ciki. Wata tsohuwa ta fito da gudu tana cewa firjinta yana kuka, aka ce mata aiki yake yi. Mata suka yi guɗa. Yara suka riƙa shiga gidaje suna kunna duk abin da ke da maɓalli.

Aka zauna jawabai. Ku kun san jawabin Sabo. Mai unguwa ya yi da Hausa, aka fassara da Yarbanci, wani ya tashi ya maimaita da Turanci don kada Turanci ya ji haushi. Shugaban 'yan goro ya ba da tarihin tsohuwar taransifoma kamar mai ta'aziyya. Rana ta take. Dalhatu yana zaune a kan firizarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana gyaɗa kai kamar shi ake yabo.

Ni na fara lura yana gyara zama. Ya matsa dama, ya matsa hagu. Ya ɗaga cinya ɗaya. Gumi ya wanke girar tozali ta gangaro masa kumatu.

"Dalhatu, lafiya?"

"Ɗumin uwa ne, Gwaggo. Haka ake so."

Iya Sakinat ta shaƙi iska ta ce, "Manniru, ka ɗora ƙwai ne?"

"Ban ko kunna risho ba, Iya."

Sai aka ji tau daga cikin firiza. Dalhatu ya diro, bayan farar rigarsa ya yi launin ƙasa, ya fizge lasifika daga hannun shugaban 'yan goro.

"Jama'a, kun ji? Na farko ya fasa. Abin da kaza ke yi a makonni, lissafi ya yi shi kafin azahar. Baba, ka ji da kunnenka."

Tau. Tau-tau. Ta ramukan da ya huda da ƙusa tururi ya fara fita, siri-siri, kamar firizar tana shan taba ta hanci goma. Atamfar da aka yafa ta fara naɗewa. Wari ya tashi, na ƙwai da na roba da na kifin bara da ya farfaɗo.

"'Yan tsakin naka da tururi suke numfashi?" in ji Radiyya.

Dalhatu ya ruga shagon mai aski ya cusa mita a soket, ya fito yana kallonta kamar ta zage shi. Ya girgiza ta, ya buga ta a cinya, ya koma ya sake aunawa. Da ya fito, lasifikar tana hannunsa har yanzu, kuma ya manta a kunne take, don haka duk Sabo ta ji lissafin.

"Ɗari biyu da arba'in. Wa ya ce su kawo ɗari biyu da arba'in? To, tsaya. Turjiya tana nan om sittin. Ɗari biyu da arba'in raba sittin, amfiya huɗu. Amfiya huɗu sau bolt ɗari biyu da arba'in, wat ɗari tara da sittin." Ya sake duban mitar. "Bolt ya ninka biyu, amfiya ta ninka biyu, wat ya ninka huɗu. Kai, lissafi abin mamaki ne."

"Fassara mana da kaji," in ji Alhaji Ya'u daga kujerarsa.

"Casa'in da shida, Baba."

"A kan ƙwan kaji ashirin da huɗu."

"Sun ɗan yi yawa."

Matan da suka ba da ƙwai suka miƙe a tare. Mai agwagwa ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. Aka ce a buɗe, makulli ya kama hanyar Arewa. Aka kira direba a waya, ya ce ya wuce Oyo, kuma Injiniya da bakinsa ya ce ko shi ya kira kada ya juyo. Aka ce a zare soket, babu soket. Aka ce a cire fiyus, fiyus na masu shakka ne. Na ce masa ya hau ya kwance wayarsa, ya dubi sama, ya shafa inda girarsa take a da, ya ce tsanin na masu wuta ne ya ara, sun tafi da abinsu, kuma shi ba ya taɓa waya mai rai a ranar Asabar.

"Hanya ɗaya ce," ya ce a lasifika. "Jama'a, a taimaka a kashe taransifoma na ɗan lokaci."

Ban taɓa jin Sabo ta yi shiru irin na lokacin ba. Har fankar masallaci ana jin ta.

Mai aski ya fito da aska a hannu. "A kashe me?"

"Minti kaɗan ne..."

"Na yi furfura ina jiran wutar nan," in ji shugaban 'yan goro. "Yau ta zo, ko sallar azahar ba ta yi da mu ba, ka ce a kashe saboda ƙwai?"

"In aka kashe ta ta yi fushi ta ƙi dawowa fa?" in ji tsohuwa mai firji.

Samari suka je suka kewaye taransifoma suka riƙe hannun juna. Mai unguwa ya ce shi a matsayinsa ba zai sa hannu a kashe abin da bai gama yi wa jawabi ba. Firiza kuwa ta ci gaba, tau, tau, kamar ana bikin sallah a cikinta.

Na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, na shiga gida na ɗauko taɓaryata. Dalhatu ya tare ni da hannu biyu.

"Gwaggo, kimiyya ce a ciki."

"Matsa, ko in fara da injiniyan."

Kwaɗon ya fi ƙarfina, amma fatar ƙarfen da ke riƙe da shi a jikin murfin ta tsufa. A bugu na uku ta saki. Manniru ya sa sanda ya ɗaga murfi, tururi ya turnuƙe rumfa, sahun gaba suka ja kujeru baya. Da ya lafa muka leƙa. Wayoyin Dalhatu sun yi jajir a jikin kwalabe. Ƙwan da ke kusa da su sun fashe sun yi baƙi. Sauran kuwa suna nan a jere, tsaf, na kaji da na zabi da na agwagwa, har da na tattabara biyu a sama, sun dahu lugub.

Alhaji Ya'u ya taso a hankali. Ya sa hannun riga ya ɗauki ɗaya, ya hura, ya ƙwanƙwasa a murfin firiza, ya ɓare. Ya raba shi biyu ya duba ciki da kyau, ya juya ya nuna wa jama'a.

"Yaya, ke ce shaida. Kin ga tsako?"

"Ban gani ba."

"Mai tafiya da ƙafarsa?"

"Wannan ko rarrafe ba zai yi ba."

"A duba sauran," in ji Dalhatu da ƙaramar murya. "Ba a yanke hukunci da ƙwai ɗaya."

"Gaskiyarka," in ji Alhaji. "A duba duka. Manniru, kawo yaji."

Haka aka duba su ɗaya bayan ɗaya. Manniru ya yanka burodi, ya ɗora butar shayinsa a kan jajayen wayoyin, ta tafasa nan da nan. Mai unguwa ya duba huɗu. Shugaban 'yan goro ya duba na agwagwa. Matan da suka ba da ƙwai suka ce tunda ba za su dawo da ƙafa ba, gara su dawo a ciki, kowace ta ƙulle rabonta a bakin zane. Iya Sakinat ta ɓare na gona ta miƙa wa Dalhatu.

"Ci, Injiniya. Jikana ne, bai ga zakara ba amma ya ga wuta."

Dalhatu ya karɓa, ya hau kujera da ƙwai a hannu. "Ina so a rubuta a tarihi cewa lissafina bai kuskure ko ɗigo ba. Wutar ce ta zo ba ta yi sallama ba."

"Za a rubuta," in ji Alhaji Ya'u, yana share yaji daga gemunsa. "Ka nemi tsohon wando. Gobe bayan asuba."

Dalhatu kuwa ya tafi. Na ga fitarsu, Alhaji a gaba, Dalhatu a baya da mita a wuya da dafaffen ƙwai shida a leda, guzurin da Radiyya ta haɗa masa. Firiza tana nan ƙofar gida, an samo mai gyara ya sa mata soket da fiyus, Manniru yana dafa ƙwai da ita kullum, mutane har daga Mokola suna zuwa ci. Da Malam Sharfuddeen ya dawo daga Arewa ya zo da makulli da tiyar gero, yana tambaya ina 'yan tsaki. Manniru ya ɓare masa ɗaya ya ce ga babbansu. Geron kuwa Jar Wuya ta cinye.

Ranar Juma'ar da ta wuce Alhaji ya dawo daga Akinyele shi kaɗai, na tambaye shi ina Injiniya. Ya ce yana can, ya fara sabawa. Wai ya gano cewa bijimi ɗaya ya kai wat dubu, kuma ya je aunawa da jar waya da baƙa.

"To, nawa ta nuna?"

"Ba mu sani ba tukuna, Yaya. Mitar tana wuyansa, shi kuma yana kan bishiya."